Tsatsar Ƙugiyar Delmer

Halvor, Dakota ta Arewa
11 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga 'yata Corinne,

Akwai wata magana da na taɓa ji a kanki shekara biyu da suka wuce, na ƙi yarda da ita. Zan zo kanta, amma uwarki ba ta yarda a fara magana ba tare da gaisuwa ba. Ƙanwata ce, kuma ta rasu, duk da haka har yau ina shakkarta.

Ina fata kina lafiya, da aiki, da cunkoson Washington. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ta fi mutumin rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Na'urar kunnen da kika saya min tana cikin aljihun tebur, ba abin da ya same ta. Har yanzu ban mayar da waya gidan nan ba tun rasuwar matata Signe, don ita ce mai jin ƙararta.

To, maganar. Verna Skogen ce ta fara faɗa min a wurin shan kofi bayan sujada. Ta ce, "Orval, 'yar ƙanwarka fa ta juya riga. Da tana gwamnati tana kama kamfanoni masu ƙera kayan da ke illata mutane, yanzu su take karewa." Na ce, "Verna, ke ce fa kika ga damisa a bayan makaranta, ta zama kyanwar Fasto." Aka yi dariya, na manta. Makon jiya maganar ta dawo, kuma wannan karon da suna a jikinta. Wai ofishinku ne ke kare kamfanin Rudquist, masu ƙera ƙugiyar jan tirela.

Ga abin da ya sa sunan ya dame ni. Ranar uku ga wata Delmer, mijin ɗaya ƙanwar tawa, Innarki Arlys, ya ɗauko tankin ruwan taki a bayan a-kori-kurarsa. A kan gadar rafin Sorum ƙugiyar ta karye. Tankin ya kwace, ya kife cikin rafi. Ba wanda ya mutu, sai kifi, kuma kifi kam ya mutu har mil huɗu. An kwashe iyalin Bergan daga gidansu kwana biyu saboda wari. Ɗan sandan da ya zo, baƙo ne a yankin nan, ya rubuta cewa gudu ne, wai Delmer ya hau gadar da ganganci ya fizgi ƙugiyar. Delmer fa! Mutumin da a shekara arba'in da ɗaya da ya yi yana tuƙi bai taɓa wuce kowa a hanya ba sai wanda ke tsaye. Za a shiga kotu sha ɗaya ga Janairu. In ya faɗi za su karɓe lasisinsa, ana ma maganar ɗauri, kuma zai mutu da sunan mutumin da ya kashe rafin da aka yi masa baftisma kusa da shi.

Masu tsabtace rafin sun wanke tankin da duk abin da ke jikinsa da magani, sun kai an narkar. Amma washegari na bi bakin rafin da sandata, na tsinci ɗaya rabin ƙugiyar a cikin busasshiyar ciyawa. Shekara hamsin ina walda, na san karaya. Rabin fuskar karayar fari ne tas, sabo. Ɗaya rabin baƙar tsatsa ce mai kauri, ta fara daga ƙasa, ƙarƙashin fenti inda ido ba ya kai. Ƙarfen nan ya daɗe da tsagewa, kuma bara aka saye shi.

Yana kan teburin aikina. In aiko miki da shi ki gani? Ke ce mai ilmin irin wannan abu. Kuma ki faɗa min Verna ta sake ganin damisa ne.

Kawunki,
Orval


18 ga Oktoba, 1994

Kawu Orval,

Na ji daɗin ganin rubutunka. Ina lafiya, sai mura da ta ƙi sakina. Ka sa na'urar a kunne, ba don aljihun tebur na saya ba. Ka gaishe min da Inna Arlys da Kawu Delmer, ka ce musu suna raina.

Game da tambayarka, ba zan iya gaya maka wa ofishinmu ke yi wa aiki ba, ba kuma zan iya gaya maka wa ba ya yi wa ba. Ko uwata ce ta tambaya, amsar ke nan.

Game da abin da ka tsinta, ka karanta wannan sau biyu.

Kada ka aiko min da shi. Kada ka ƙara rubuto min ko kalma ɗaya a kansa.

Kada ka wanke shi, kada ka sa masa burushin waya, kada ka shafa masa mai, kada ka jiƙa shi a ruwan kal. Ka bar shi yadda ka same shi.

Kada ka miƙa shi ga duk wanda ya zo nema, ko da ya zo da takarda mai hatimi da murmushi.

Kawu Delmer ya nemi lauya nasa na kansa, yau ba gobe ba. Ba zan iya ba ku suna ba.

Bana ba zan samu zuwa Kirsimeti ba. Ka ci min rabona na lefse, gurasar dankalin nan tamu.

'Yarka,
Corinne


Halvor
3 ga Nuwamba, 1994

Lauya Corinne,

Na ce Lauya, don wasiƙar da na samu lauya ce ta rubuto, ban ga 'yata a ciki ba. Ina fata murar ta sake ki. Ni lafiya. Arlys ta rame. Sanyi ya shigo, na harbi barewa ɗaya, firiza ta cika.

Kin ce in karanta sau biyu, na karanta sau shida. Na ƙirga "kada" guda bakwai, ban samu "a'a, Kawu, ƙarya ne" ko ɗaya ba. Mu nan in an tambayi mutum ko shi ya bar ƙofar shanu a buɗe, ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba, ba ma ƙara tambaya. Tashi muke mu je neman shanu.

Na nuna wa Arlys. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Yarinyar da na yi wa kitso duk hutun bazara, ta ce ba za ta iya ba mu suna ba? Ko sunan karenta ne ai ta ba mu." Delmer ya ci gaba da juya cokali a kofin da ba sukari. Mun samo masa wata lauya a Minot, Misis Renner. Ba don kin faɗa ba, don Fasto ya faɗa. Shari'u sun yi mata yawa, ta ce za ta zauna da mu sosai bayan sabuwar shekara. Ban gaya mata maganar ƙarfen ba tukuna. Yanzu ina auna kowane lauya kafin in ɗora masa kaya.

Kin ce kada in ƙara rubuto miki maganar. To ga ta. Ranar ashirin da bakwai ga Oktoba wani mutum ya shigo garin nan, Mista Lathrop, daga kamfanin Rudquist. Takalminsa na gona ne amma bai taɓa taka kashin shanu ba. Yana bi gida gida da sababbin ƙugiyoyi a bayan mota. Ka ba shi tsohuwa, ya ba ka sabuwa kyauta, har da hula. A shagon kofi na Ione, Lyle Bergan ya tambaye shi, "Wai janye su kuke daga kasuwa ne? Akwai matsala?" Ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa. "A'a, a'a, yallaɓai, ba janyewa ba ce. Godiya ce ga abokan ciniki." Ione ta ce, "Shekara talatin ina sayar da kofi, ban taɓa gode wa mutum ta hanyar karɓe masa tsohon kofinsa ba." Duk da haka kowa ya karɓa. Kin san mutanenmu da kyauta.

Sai da ya gama da kowa sannan ya zo wurina. Ya yaba shagona, ya yaba barewar da ke rataye, ya yaba har karen da ke masa haushi. Sannan ya ce ya ji ana cewa na tsinci wani abu a bakin rafi. Ya fito da takarda mai hatimi, ya ce za su kai ɗakin gwajinsu, in da laifin ƙarfe su da kansu za su wanke Delmer. Na ce, "Me ka ce? Kunnena ba ya ji." Ya ɗaga murya. Na ce, "E, barewar da ƙiba bana." Haka muka yi har ya gaji. Amma na lura da abu ɗaya: duk ƙugiyar da ya karɓa, sai ya juya ta ya duba lambar da ke gefe ya rubuta.

Yanzu bari in yi miki lissafin tsoho. Na rubuta miki sha ɗaya ga Oktoba. Ban da ke, Arlys da Delmer ne kawai suka san abin da na tsinta. Kin ce in bar shi inda yake, kada in taɓa, kada in kai ko'ina. Bayan kwana tara mutumin Rudquist ya tsaya a ƙofata. In kana son ka tarar da abu, ai sai ka fara cewa kada a motsa shi.

Na motsa shi. Ba zan gaya miki inda yake ba.

Orval Haugland


Halvor
15 ga Disamba, 1994

Corinne,

Barka da Kirsimeti. Na sa wannan a cikin katin coci don shi ne ambulan da ya rage min. Ina fata kina lafiya. Ba ni da hanyar sani, tunda mako shida ke nan da na rubuto ban ga rubutunki ba. Gwiwa tana nan. Dusar ƙanƙara ta kai tagar kicin.

Da na so in ce shirunki amsa ce, amma na tuna ba kya iya cewa e, ba kya iya cewa a'a.

Abokinki Lathrop ya dawo. Wannan karon na ji tausayin man da yake ƙonawa, na ba shi rabin wata karyayyar ƙugiya da ke kwance a bayan shago tun kina makarantar firamare. Ya rungume ta kamar jariri. Na karɓi hula.

Delmer ne ya dame ni. Ya daina zuwa shagon Ione. Shekaranjiya ya ce min, "Orval, anya kuwa ban yi gudun ba? Wataƙila ƙafata ta danna ban sani ba. In amsa kawai a huta." Na ce, "Kai ko gobara ce a bayanka ba ka wuce mil talatin." Bai yi dariya ba. In aka daɗe ana gaya wa mutumin kirki ya yi laifi, sai ya fara tayawa.

Saboda haka ga abin da zan yi. Lambar nan da Lathrop ke bi, ita ce sirrinsu, na tabbata. A kan nawa laka da tsatsa sun rufe ta. Ranar Litinin tara ga Janairu zan jiƙa ƙarfen a bokitin ruwan kal ya kwana, in wanke, in goge, in shafa mai, lambar ta fito. Ranar Laraba in sa kwat ɗina in ajiye shi gaban alƙali da hannuna. Mu ba ma kai ƙazamin abu gaban manya. Ko tarakta za mu sayar sai mun wanke. Tsatsar da ke cikin karayar kuwa na gan ta da idona, zan rantse a kai. Shekara saba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa neman shaida a kan maganata a garin nan.

Kin ce kada in jiƙa. Shi ya sa na san akwai abin da zai fito.

Kawunki, ko kin so ko kin ƙi,
Orval


3 ga Janairu, 1995

Kawu,

Ina lafiya, ina fata kana lafiya, Allah ya sassauta gwiwa, ka yafe min gajeriyar gaisuwa. KADA KA JIƘA SHI.

Wasiƙarka ta Nuwamba ban buɗe ta ba sai yau. Tana cikin jakata wata biyu, ina jin nauyinta. A aikinmu, abin da ya shiga kaina ba nawa ba ne ni kaɗai. In na san wani abu da ya shafi wanda ofishinmu ke wa aiki, akwai ranar da za a iya tambayata, kuma ba ni da damar yin ƙarya. Duk kalmar da ka rubuto min, kamar ka tsaya a tsakiyar ofis ne ka faɗe ta da ƙarfi. In da ka aiko min da ƙarfen, ɗakin wasiƙun ofis zai fara sauka. Shi ya sa na ce ka yi shiru. Katin Kirsimeti kuwa na buɗe shi ne ina zaton hoton coci zan gani da sa hannunka, sai na ga bokiti.

Ban turo kowa ba. Ban gaya wa kowa ba. Ka tambayi Inna Arlys wa ta faɗa wa a wurin gyaran gashi.

Abin da zan faɗa maka yanzu ba sirrin kowa ba ne, duk ɗalibin lauya ya san shi. Lamba kowa na iya karanta ta daga baya, akwai masu na'urar yin haka ba tare da sun taɓa fuskar karayar ba. Tsatsar ita ce shaida. Ita kaɗai za ta iya faɗin tun yaushe ƙarfen ya tsage. In ka wanke ta, abin da za ka ajiye gaban alƙali shi ne ƙarfe mai tsabta da ya karye lokaci ɗaya, wato daidai abin da ɗan sanda ya rubuta. Ka ce za ka rantse. Kawu, a Halvor maganarka ta isa. A kotu kai surukin wanda ake tuhuma ne, mai walda, wanda ya ɓoye abu wata uku sannan ya goge shi da hannunsa. A minti biyar za su gama da kai, kuma cikin ladabi.

Ka kai wa Misis Renner, a naɗe, da lakarsa. Da na ce kada ka miƙa wa wanda ya zo nema, ban ce kada ka kai wa lauyar Kawu Delmer ba. Na ɗauka ka gane. Laifina ne, na saba rubuta wa masu karanta abin da ba a rubuta ba.

Na buga wa Inna Arlys waya sau biyu, tana jin muryata ta kife. An ce guguwar ƙanƙara na tafe wajenku. Ban san ko wannan za ta iso kafin Litinin ba.

Abin da na sani ko ban sani ba game da wani kamfani, ba zan faɗa maka ba, yau ko bayan shekara talatin. In wannan ya sa ka daina kirana 'yarka, zan ɗauka. Amma ka bar tsatsar nan.

Corinne


Halvor
20 ga Janairu, 1995

'Yata Corinne,

Ina gaishe ki da kyau, gaisuwa mai tsawo, ki ɗauka na yi shafi guda. Ina fata kina cin abinci. Gwiwata ta kumbura saboda zaman benci a kotu. Arlys ta fara mayar da jiki. Na sa na'urar a kunne, ashe firijina na ƙara tun ban san yaushe ba.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis sha biyu ga wata. An rufe hanya kwana biyar, motar gidan waya ba ta shigo ba. Wato ta zo bayan Litinin da kwana uku. Na san kin zauna kina ƙirga, don haka ba zan ja miki rai ba fiye da yadda hali na tsufa ya tilasta.

Ranar Litinin da safe na cika bokiti da ruwan kal. Na buɗe firiza, na ɗaga cinyar barewa, na ciro ƙarfen a cikin takardar naɗe nama inda na rubuta "hanta", don na san ba mai taɓawa. Delmer ya tako ta cikin ƙanƙara ya zo taya ni. Na ɗauko wasiƙarki ta Oktoba, don na yi niyyar kai ta ga Misis Renner ta ga yadda aka so a rufe mana baki. Na ce, "Zauna ka ji yadda 'yarku ta sayar da mu." Na karanta masa da ƙarfi, da murya irin ta lauya.

Kin san Delmer. Kafin ya amsa magana shayi ya huce. Can ya ce, "Sake karanta wajen takarda mai hatimi." Na sake. Ya ce, "Yaushe ta rubuta?" Na ce sha takwas. Ya ce, "Yaushe mutumin ya zo?" Na ce ashirin da bakwai. Ya ce, "Da me ya zo?" Na ce takarda mai hatimi. Ya ce, "Orval, ni ba mai kai ba ne. Amma in zan turo maka ɓarawo, ba zan fara aiko maka da kamanninsa ba."

Na ce, "To ruwan kal ɗin fa? Me ya sa take tsoronsa?" Ya ce, "Wa ke juya maka bokitin da sanda tana shekara tara? Ta san abin da yake yi wa tsatsa." Sannan ya ɗauki ambulan ɗin ya juya. Ba sunan ofis. Kan sarkin a karkace, an lasa da baki. Hatimin gidan waya na Baltimore ne, ba Washington ba. Wata uku takardar nan na hannuna, na ƙirga kowane "kada" da ke cikinta, ban ga cewa kin shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari don ki jefa ta a akwati ba.

Na tsaya da ƙarfe a hannun dama, bokiti a gaban takalmina. Na ce, "In kuma ka yi kuskure fa?" Ya ce, "Ai ni ake ɗaurewa. Mayar da hantar."

Ruwan kal ɗin na zuba shi a magudanar kicin, an ce yana gyara ta.

Ranar Talata Lyle Bergan ya share mana hanya da taraktarsa har babban titi, shi da aka kwashe daga gidansa kwana biyu. Da Misis Renner ta buɗe takardar naman ta ga abin da ke ciki, ba ta taɓa shi ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Haugland, ka wanke?" Na ce a'a. "Ka goge?" Na ce, "Ni? Ai kowa ya san ba a taɓa shaida." Delmer ya yi tari. Ta yi min faɗan wata ukun da na ɓoye mata, faɗa sosai, irin na uwarki. Ranar Laraba ta roƙi alƙali mako guda, ya bayar. Wani malamin ƙarafa daga jami'a ya duba da na'urorinsa, ya rubuta cewa tsagar ta fi wata takwas, ta faro ne daga wani rami a cikin ƙarfen tun daga wurin zubi, kuma abin da ya rage yana riƙe da tankin bai kai kaurin babban yatsa ba. Ko tafiyar kunkuru ake yi sai ya karye. Lambar ma ya karanta ta, bai cire ko ƙwayar laka ba. Shekaranjiya lauyan gwamnati ya janye tuhumar. Delmer ya tuƙo mu gida, mil tamanin, a awa uku da rabi. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Na tambayi Arlys maganar wurin gyaran gashi. Ta ce mutum ɗaya kawai ta faɗa wa. Verna ce. Ta ce in gaya miki wayarta na nan, kuma yanzu ba ta kifewa.

Ban iya ba da haƙuri a takarda ba, hannuna bai saba ba. Na kira ki abin da ba ke ba ce, na sa hannu da cikakken sunana kamar ina rubuta wa mai karɓar haraji. Ɗakin uwarki na nan, na kunna masa wuta tun jiya don ya sha ɗumi. Lefse ɗinki na cikin firiza, a inda hanta take da.

Saura maganar da na fara da ita. Ba zan ƙara tambayarki ba, na gane ba za ki amsa ba har a binne mu duka. Amma na sake jin ta sau ɗaya, a barandar kotu, ranar da aka janye tuhumar. Wani ya matso kusa da ni, ya ɗauka har yanzu kurma ne, ya faɗa wa na kusa da shi a hankali, "Wannan ne kawun Corinne Vik. Da a wajenmu take. Ranar huɗu ga wata ta je ta gaya wa manyanta da bakinta abin da ta rubuta masa, ta kwashe kayan teburinta." Na'urarki na kunnena, na ji har haɗiyar yawunsa. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a ciki, wannan "da" ɗin. Verna "yanzu" ta ce, shi kuwa "da" ya ce, ashe aikinki kika bari saboda mu.

Na juya na ce masa, "Na gode da hula." Mista Lathrop ne.

Kawunki,
Orval